Aya, waya da littafin lissafi: nazarin wani aikin aji da ya zama sana'a a Maradi

Ranar da ɗiyar yayata ta fara kawo mini maganar, leda biyu ta ajiye a kan tabarma bayan sallar la'asar, kowace da aya a ciki. Ta ce, "Kawu, don Allah tauna wannan, sannan ka tauna waccan." Na damƙi ta farko na watsa a baki, ban kai ga tauna uku ba haƙorina ya gamu da tsakuwa. Ta biyun kuwa tas take, ba ƙasa ba tsakuwa, ƙwayoyin kusan girmansu ɗaya. Ta ce tazarar da ke tsakanin ledojin nan biyu ita take son sayarwa, kuma ta waya za ta sayar.

A lokacin tana shekarar ƙarshe a sashen aikin gona na wata babbar makaranta a nan Maradi. Ni kuwa na daɗe ina riƙe wa ƙananan ƴan kasuwa lissafi, don haka na bi al'amarin tun daga tushe, na ga littafinsa, na ga asararsa. Ana yawan cewa jami'o'i su koya wa matasa kasuwancin intanet don su rabu da talauci. Maganar tana da daɗin ji a ɗakin taro. Abin da nake son shimfiɗawa a nan shi ne kamanninta idan ta sauko ƙasa, a hannun yara uku da ba su da jari, a garin da kowa ɗan kasuwa ne.

Inda abin ya faru

Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi, birnin kansa kuma yana da wajen dubu 267. Yau adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Wanda ya kammala karatu ya riƙe takardarsa, hanyoyin da ke gabansa sanannu ne: bautar ƙasa, kwantiragin koyarwa, ko zaman jiran jarrabawar shiga aikin gwamnati wadda dubbai ke rububin gurabe kaɗan. In jiran ya yi tsawo, namiji ya hau kabu-kabu, ko ya tafi ci-rani Kano ko Legas, ko ya nufi Agadas da niyyar Libiya ko ramukan zinariyar Jado. Mace kuwa takan koma ɗaki, takardar ta shiga ƙasan akwati.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan yana faruwa a garin da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar. Alhazan Maradi sun tashi ne a kan gyaɗa tun zamanin Turawa, bayan fari ya karya gyaɗar a shekarun 1970 suka juya ga fataucin kaya zuwa Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya. Har wani mai bincike ɗan Faransa, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Makarantarsu ita ce ƙofar shago. Yaro yana bin ubangidansa shekara da shekaru, yana koyon awo, da sanin kaya, da wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, har ranar da za a sallame shi da jari. Ɗan boko ba ya bin wannan hanya, ita kuma makarantarsa ba a gina ta don ta maye gurbinta ba. Sai ya tashi a tsakiya, ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko.

Sharaɗin Malam

Malamin da ke koya musu darasin sarrafa amfanin gona da kasuwancinsa ya yi wani abu da ba a saba ba. Maimakon kowa ya rubuto tsarin kasuwanci na shafi talatin a kan kamfanin da babu shi, sai ya raba su uku uku, ya gindaya sharaɗi: kowace ƙungiya ta samo kaya na gaske daga jihar nan, ta sayar ta hanyar waya ga wanda ba ɗan'uwa ba kuma ba abokin karatu ba, ta kawo littafin shiga da fita duk mako biyu. Ya ce musu a fili ko an yi asara za a samu maki, muddin littafin ya faɗi gaskiya.

Ƙungiyarsu ta haɗa ɗiyar tawa, da wani yaro ɗan wajen Cadawa wanda mahaifinsa manomin aya ne, da wani ɗan birni mai gwanintar ɗaukar hoto da haɗa bidiyo. Zaɓen aya bai ba su wahala ba. Yankunan Agiye, Gazawa da Madarunfa sun shahara da nomanta, kuma mafi yawanta a buhu take ficewa zuwa Najeriya kamar yadda aka tono ta, da ƙasarta da tsakuwarta. Suka haɗa jaka 45, wato sefa 45,000, daga kuɗin tallafin karatu da ɗan abin da ta kwasa a adashe.

Mako uku na farko sun tafi a banza, kuma yadda suka tafi ɗin shi ne darasi na farko. Sun buɗe shafi a Facebook, suka raɗa masa suna da Faransanci, ɗan birnin ya zana tambari mai kyau, suka riƙa rubuta dogon bayani kan amfanin aya ga lafiyar jiki. Abokai suka yi ta yabawa, wasu har daga ƙasashen waje. Ko tiya ɗaya ba a saya ba. Da suka kai littafi babu komai a shafin shiga, Malam ya yi musu tambaya ɗaya: "Wa ke sayen aya da yawa kowane mako, kuma da wane harshe yake ciniki?" Ba su da amsa. Ya ce kada su sake taɓa shafin sai sun yi magana baki da baki da mutum goma masu sayen aya.

Ɗiyar tawa ta kira wata gwaggonta da ke aure a Yamai, gwaggon ta haɗa ta da matan da ke yin kunun aya suna ɗurawa a gora, suna kai wa ma'aikatu da bakin makarantu. Koke ɗaya ta ji a bakin kusan dukansu. Tsince tsakuwa da wanke ƙasa na cinye musu rabin yini, tsakuwar da ta kuɓuce kuma tana lalata haƙoran injin niƙa, mai injin ya yi ta faɗa ko ya ƙara kuɗi. Babu wadda ta tambayi amfanin aya ga jiki. Babu kuma mai leƙa shafin Faransanci. Duk harkarsu a WhatsApp take, da saƙon murya, wasu da Hausa wasu da Zabarmanci.

Suka sake lale. Ɗan birnin ya ɗauki bidiyo na daƙiƙa talatin: hannun wata dattijuwa a kan faifai tana bakace aya, ga tulin tsakuwar da aka fitar a gefe, ga sikeli yana nuna kilo. Ɗiyar tawa kuma ta ɗora murya da Hausa, ta faɗi farashi, ta faɗi ranar da kaya ke tashi daga tasha. Gwaggo ta jefa shi cikin zauren matan unguwarsu. Kafin kwana biyu mata huɗu sun nemi a aiko musu.

A nan zan ɗan ratse. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kasuwa ta riga hukuma yanke wannan hukunci da daɗewa. Duk darasin tallan intanet da za a koyar a Maradi ba tare da an koya wa yaro yadda zai tsara saƙon murya na minti ɗaya da harshen mai saye ba, an koya masa kiran mutanen da ba za su amsa ba.

Rasidin da ba kuɗi a bayansa

Aikin tsintar sun ba wa mata biyar a unguwar su yaron Cadawa, ana biyansu a kan kowace tiya. Kaya na tafiya a motar fasinja, kusan kilomita 660 ta Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Kuɗi na dawowa ta gidajen aika kuɗi. A wannan fanni Nijar ta yi sa'a, domin Nita, Amana da Al Izza sun kai ƙananan garuruwa da dama, ga kuma asusun waya na kamfanonin sadarwa.

A aike na huɗu ne aka cuce su. Wata lamba da ba su sani ba ta nemi kilo 40, mai maganar ya ce shi mijin wata mai kunu ne, yana sauri. Ya turo hoton rasidi mai ɗauke da sunan ɗiyar tawa da adadin kuɗin daidai. Mota na shirin tashi, suka loda kaya. Washegari ta je karɓar kuɗi, ma'aikacin ya duba ya ce lambar rasidin ta wani tsohon aike ce da aka riga aka biya wani mutum daban, an goge suna ne aka rubuta nata. Kafin ta kira tasha an riga an karɓi kayan, lambar kuma a kashe.

Ta zo gidana da dare idonta ja. "Kawu, rabin jarinmu ne fa." Na ce mata ta rubuta shi a littafi kamar yadda ya faru. Ta ce kunya take ji. Amma ta rubuta, kuma Malam ya nemi izininsu ya mai da shi darasin ajin gaba ɗaya. Sa'a biyu suka yi suna duba hoton rasidin a kan allo, suna gano inda rubutun ya bambanta. Daga ranar suka kafa doka: hoto ba shaida ba ne, kaya ba sa hawa mota sai an ga kuɗi a asusu ko an karɓe su a hannu, sabon mai saye kuma sai wata tsohuwar mai saye ta ce ta san shi. Wannan ta ƙarshen dokar alhazai ce tun kaka da kakanni, waya kawai ta shigo tsakani. Na tabbata da a waje ita kaɗai wannan ya same ta, da nan sana'ar ta mutu. Abin da ajin ya ba ta shi ne wurin da za ta faɗi a ɗaga ta, kuma faɗuwarta ta amfani mutum arba'in.

Ribar da ta narke

Wurin da na fi so in daɗe shi ne littafin, don a nan na ga karatu ya yi aikinsa.

Bayan wata biyu suna murna sun ci riba. Lissafinsu mai sauƙi ne: mun sayi tiya kaza, mun sayar kaza, saura namu. Malam ya mayar musu da littafin, ya ce bai cika ba. Ta kawo mini muka zauna da fitila, na ce ta faɗa mini duk abin da ta yi daga safe zuwa dare a ranar aike. Kabu-kabu zuwa wurin masu tsinta da dawowa, ba a rubuta ba. Ledoji da zaren ɗinkin buhu, ba a rubuta ba. Ɗan dako a tasha, kuɗin kaya a mota, ladan gidan aika kuɗi wanda wasu masu saye ke cirewa daga cikin kuɗin, kuɗin intanet na wayoyi uku, duk babu. Babban ramin kuma shi ne ragin nauyi. Sun saya da tiya, suna sayarwa da kilo, ba su taɓa auna abin da ke fita na ƙasa da tsakuwa da ƙwayoyin da suka lalace ba. Muka ɗauko buhu ɗaya muka auna kafin tsinta da bayanta. Da ta ga tazarar sai ta yi shiru, ta riƙe baki.

Da aka zuba komai, ribar ta koma abin da bai kai kuɗin shayin mako ba, kuma ba a sa ladan wahalarsu su ukun ba. Sun yi wata biyu suna yi wa matan Yamai aiki kyauta suna godiya.

Gyaran da suka yi ba sabon abu ba ne ga mai shago, amma a gare su wahayi ne. Suka daina aike kullum, suka tsai da rana ɗaya a mako, kayan mutum shida su tafi a buhu ɗaya zuwa hannun gwaggo, ita ta raba, a ba ta la'ada. Suka sa mafi ƙarancin abin da za a saya. Suka raba ayar gida biyu, manya da ƙanana, kowace da farashinta. Suka ƙara kuɗi, suna tsoron masu saye za su gudu. Biyu suka gudu, sauran suka zauna, domin su ma sun yi nasu lissafin na rabin yinin da suka daina ɓatawa. Yaron Cadawa ya zuba lissafin a jadawalin kwamfuta wanda ke buɗuwa a waya, ta yadda da an canza farashin tiya a kasuwa, farashin kilo zai fito da kansa. Wannan ɗan jadawali, a ganina, ya fi tambarin da shafin da duk wani abin ado da suka yi daraja.

Sai kuma matsalar ruɓa. Wata mai saye ta turo murya cikin fushi, ta ce ta buɗe leda ta tarar da ayar ta yi fumfuna, tana wari. Sun sayi sabuwar tonowa wadda ba ta gama bushewa ba, suka ɗaure ta a leda, ta kwana biyu a cikin zafin mota. A nan karatun gona ya shigo. Ta san cewa danshi ne ke kawo fumfuna, ta kuma san wasu nau'o'inta na haifar da guba mai cutar da hanta, irin wadda ake fama da ita a gyaɗa da masara. Ta roƙi mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, ya nuna mata yadda ake auna samfuri, a busar da shi a tanda, a sake aunawa, a fitar da yawan ruwan da ke ciki. Daga nan kowane buhu sai an ƙara shanya shi a kan tamfol, an gwada, sannan a ɗaure. Ta mayar wa matar kuɗinta, ta aika mata wani kayan kyauta, ta kuma yi bidiyon shanyar ta tura wa kowa. Matar nan ita ce daga baya ta kawo mata masu saye mafi yawa.

Wanda ya tsaya musu

Ciniki ya fara tafiya, amma jari ya hana su motsi. Aya na araha lokacin kaka, tana tsada idan rani ya yi nisa. Mai kuɗi yana saye ya ajiye, su kuwa kullum a farashin ranar suke saye. Banki ba ya kallon ɗalibi marar jingina.

Akwai wani dattijo mai sito a kasuwa wanda ya shekara fiye da talatin yana harkar aya da wake da riɗi. Sun je wurinsa su kaɗai, ya saurare su, ya yi musu addu'a, ya sallame su. Da Malam ya ji, sai ya sa babbar rigarsa ya raka su da kansa. Ina wurin, don ni na yi musu iso. Bayan gaisuwa ta durƙusa ta miƙa littafin, ta ce, "Baba Alhaji, ga abin da muka yi, har da inda aka cuce mu." Alhaji bai yi boko ba, amma lamba ba ta ɓoye masa. Ya bi shafukan da yatsa, ya tsaya a kan shafin rasidin ƙarya, ya ɗago ya dubi Malam. "Malam, kai ka san yaran nan?" Ya ce ya san su, ɗalibansa ne, kuma duk mako biyu yana ganin wannan littafi. Alhaji ya ce, "To, ɗiyata, buhu biyar. In kin sayar ki kawo. In kin kawo a kan lokaci, mu yi maganar goma."

Babu takarda, babu sa hannu. Abin da aka jingina shi ne mutuncin malami da gaskiyar littafi. Na sha tunani a kan wannan zama. Jami'a ba ta da kuɗin da za ta raba wa ɗalibai jari, kuma ba na ganin aikinta ne. Amma tana da suna, tana da malamai da gari ke girmamawa, kuma tana ganin ɗalibi shekara uku, ta san mai riƙon amana da wanda ba shi da shi. Wannan sani shi ne ainihin abin da mai ba da lamuni yake nema.

Da wuta ta ɗauke

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya kuma ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Maradi da Damagaram daga layin Katsina suke sha. Mutum zai zaci mai sayar da busasshiyar aya ba ruwansa da lantarki. Amma kunun aya ba ya jure zafi, in babu firji ko ƙanƙara cikin ƴan sa'o'i ya yi tsami. Matan Yamai suka rage dama kunu, wasu suka daina. Oda ta faɗi warwas. Cajin waya kansa ya zama aiki, ga buhunan Alhaji a ajiye.

A nan ƙungiyar ta rabu. Ɗan birnin ya ce ba zai iya jira ba, ya karɓi rabonsa ya tafi. Su biyun suka koma neman masu dakuwa da masu sayar da soyayyar aya a nan cikin gari, waɗanda ba su buƙatar sanyi. Riba ƙanƙanuwa ce, amma ta isa su biya Alhaji a kan lokaci, wanda shi ne abin da ya hana ta barci. Da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, matan kunu suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suka tarar lambar tana aiki.

Inda kowa ya tsaya

Ba zan ce ta yi arziki ba. Abin da take samu a wata yana hawa yana sauka, wani lokaci ya kai albashin malamin kwantiragi, wani lokaci ya gaza. Amma ta daina tambayar mahaifiyarta kuɗin sabulu, tana biya wa ƙaninta kuɗin makaranta, ta kuma yi rajistar sana'ar ta karɓi lambar haraji, abin da ya ba ta damar sayar wa wani kanti a Yamai. Matan tsinta sun zama tara, kuma su ne ba a cika ambata ba idan ana maganar matasa da intanet, alhali babu wadda ta taɓa shiga aji a cikinsu, kuma kuɗin cefanensu daga wayar nan yake fitowa. Yaron Cadawa Alhaji ya ɗauke shi, shi ke riƙe masa lissafin sito a kwamfuta yana tura wa abokan cinikinsa hotunan kaya. Ɗan birnin na ji yana ɗaukar wa masu shaguna bidiyon talla. Cikin ƙungiyoyin ajin, yawancinsu sun tsaya da ƙarewar darasin. Banda tasu, ɗaya kawai na san ta ɗore, masu garin zogale daga lambunan Jiratawa.

Wannan adadi bai karya mini gwiwa ba, amma ya kamata ya rage wa masu jawabi zaƙi. Darasi ɗaya ba zai kori talauci daga jihar da ke da miliyoyin matasa ba, kuma in ɗalibai ɗari suka afka wa aya gobe, ribar za ta mutu a hannun kowa. Sai dai jihar nan ba aya kaɗai gare ta ba. Akwai wake da riɗi, akwai jar akuyar Maradi wadda fatarta ta yi suna har Turai, akwai kifin tafkin Madarunfa, akwai dubban shaguna da ba su da lissafin da ya wuce ƙwaƙwalwar mai su.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maradi, wadda aka kafa a 2010 bayan cibiyar koyon fasaha da ta fara a 2008, tana da tsangayar aikin gona da muhalli, da ta kimiyya da fasaha, da ta lafiya. A gefenta ga cibiyar binciken noma ta INRAN. Wato a gari ɗaya akwai mai sanin danshin hatsi, da mai rubuta manhaja, da mai sito. Abin da na gani ya nuna mini cewa haɗa su ba ya buƙatar sabon gini. Yana buƙatar a mai da abin da malami ɗaya ya yi don kishin kansa ya zama ƙa'ida a kowace babbar makaranta: ciniki na gaske ya zama wani ɓangare na maki, ɗalibin gona da na kwamfuta su zauna a ƙungiya ɗaya, ɗakin gwaji ya buɗe wa ɗalibi mai kaya a hannu har bayan ya gama karatu. A samu ɗaki guda mai hasken rana da intanet wanda ba ya rufewa da yamma, domin na ga yadda rashin caji ke tsai da ciniki. A gayyato alhazai da hajiyoyin kasuwa su shigo aji su yi magana da Hausa a kan bashi da amana, a ba su kujerar malami. A kuma riƙa kai ɗalibai ofishin rajistar kamfanoni tun suna makaranta, su ga takardun da idonsu, tsoron hukuma ya fita daga ransu.

Ga ƴan mata kuwa abin ya fi nauyi. Da yawa daga cikin ƙawayenta sun yi aure, wasu mazajen ba su yarda da zaman kasuwa ba. Sana'ar da ake yi daga tsakar gida da waya da sikeli tana iya bin mace har ɗakin mijinta. Na ga ɗiyata tana amsa oda tana tuƙa tuwo.

Ana gina layin dogo daga Kano ta Katsina zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ranar da jirgin ya fara zuwa, ayar Cadawa za ta ci gaba da tafiya kudu ko da mu ko ba mu. Ɗiyata dai ta riga ta fara tambayata yadda ake lissafin canjin naira da sefa a jadawalinta.

Makon jiya na biya ta gidansu da hantsi. An shimfiɗa tamfol biyu a tsakar gida, aya na shan rana, dattijuwar nan ta cikin bidiyon farko tana zaune da faifanta. Wata yarinya da ban sani ba tana tsugune gaban sikeli da biro a hannu. Aka ce ɗalibar Malam ce ta bana, ya turo ta ta yi wata biyu. Ɗiyata ta miƙa mata tsohon littafin, wanda bangonsa ya fara yagewa, ta buɗe mata shafin rasidin, ta ce, "Fara karanta nan tukuna. In kin gama ki zo mu auna buhun can kafin Inna ta taɓa shi."